Kwalbar Kaka Tsahara

Takardar ta ce wata huɗu.
Jami'ar Damagaram ta ba da aro na,
jami'ar Ikko ta sa hannu ta karɓa,
yadda maƙwabta ke aron turmi
da sharaɗin a maido shi ba tsaga.

Kaka Tsahara ba ta tambayi karatu ba.
Kwalbar man gyaɗa ta wanke sau uku,
ta cusa a jakata tsakanin kilishi da sallaya.
"An ce ruwan can ba shi da ƙarshe.
Ɗebo mini, Sahura, in gani da idona."

Daren farko a Akoka ban runtsa ba.
Janareto uku na gardama bayan taga,
sauro na karanta mini dokokin gari,
Morenike a gadon sama tana waya, tana dariya,
ni a na ƙasa ina mai da naira sefa,
lissafin na ƙin fita.

A aji Turancina ya zo sanye da rigar Faransanci.
In na ɗaga hannu sai kalma ta cije a maƙogwaro
kamar danfo a cunkoson Yaba da yamma.
Dakta Oyelaran yakan naɗe hannu ya jira.
Bai taɓa ƙarasa mini jimla ba,
wannan ne alherin da ya yi mini.

Ɗaliban ruwa ne mu.
Ran Laraba kwalekwalen Sejiro ke kai mu Makoko,
inda gidaje ke tsaye kan ƙafafun katako kamar zalɓe,
yara na iya tuƙi kafin su iya ƙirga.
Ni da na tashi ina auna ruwa da moɗa
na riƙe gefen jirgi har farcena ya yi fari.
Muka ɗiba, muka toshe, muka liƙa lamba.
A ɗakin gwaji madubi bai ji kunyar kowa ba:
duk wannan yalwa,
ba kurɓi ɗaya na sha.

Wata safiya famfo ya ɗauke.
Na fita Bariga da bokiti,
sai ga mai kura, jarka goma sha biyu, gumi har gwiwa.
Na ce, "Nawa?" Ya tsaya cak.
"Wannan bakin ba na nan ba ne. 'Yar ina ce ke?"
Ɗan Mirya ne, sunansa Ɗanjimma.
Shekara tara yana tura ruwa a garin ruwa.
Ya cika mini bokiti, ya ƙi kuɗina,
ya ce in na koma in duba masa
ko tsamiyar bakin kasuwarsu tana nan.

Daga baya kwanaki suka yi ƙafa.
Na iya cewa "owa" kafin a wuce da ni,
na daina neman cokali in an kawo amala.
Morenike ta cinye kilishin tana hawaye,
ta ce in rubuta mata sunan barkonon.
Na ci jarrabawa huɗu, ta biyar da ƙyar.

Saura kwana biyu muka je bakin teku.
Na sunkuya da kwalbar,
igiyar ruwa ta mare ni har ɗankwali,
ta ja yashi daga ƙarƙashin ƙafata.
Na lasa leɓe.
Ashe abin da raƙuma ke wahalar kawowa daga Bilma
a nan narke yake, ba mai gadi.

Yanzu jakata na bakin ƙofa.
Na ɗaga kwalbar saitin fitila:
yashi ya kwanta, kumfa ta tafi,
babu ruri, babu faɗi,
ruwa ne kawai, bai kai na alwala biyu ba.

Kaka za ta girgiza shi, ta kara a kunne.
Za ta ce, "Shi ke nan?"
Daga nan har Damagaram
ina da kwana biyu a mota
in nemo abin da zan ce mata.